Wa ya kawo albashin dubu 70?

Ɗan Zazzau: Jama'a, abin nan yana min ciwo. Kullum sai zagin Kakakin Majalisa Tajudeen Abbas, an manta a ƙarƙashinsa majalisar wakilai ta kawo mana mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A rana ɗaya, 23 ga Yulin 2024, ƙudirin ya tsallake karatu uku.

Baban Khalifa: "Ta kawo"? Haba Malam. Ƙudirin daga fadar shugaban ƙasa ya fito. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta fara da neman 615,000, aka yi yajin aikin 3 ga Yuni har aka kashe wutar ƙasa, sannan ta sauko 250,000, kafin Tinubu ya daidaita da su Joe Ajaero, shugaban NLC. Majalisa hatimi ta buga.

Ɗan Zazzau: Gyaran doka ne, ba hatimi ba. A ciki aka rage wa'adin sake duba albashi daga shekara 5 zuwa 3. In babu majalisa, alkawarin baki ne kawai.

Baban Khalifa: Shekara 3 ɗin ma tun a Villa aka amince da ita. Kawowa daban, amincewa daban.

Maman Iman: Ni "mana" ɗin ce ta tsaya min a rai. Mu su wa? Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ta kuma cire masu aikin kamasho. Yaron shago da ɗan Adaidaita ina rabonsu?

Malam Direba: Hajiya kin gama magana. Kafin cire tallafi a Mayun 2023 litar fetur ba ta kai 200 ba, tsohon albashin dubu 30 yana sayen lita 150. A Oktoban 2024 lita ta haura 1,000, dubu 70 ba ta cika lita 70. Kuɗin mota daga nan yake tashi.

Ɗan Zazzau: Duk da haka Kaduna 72,000 ta sa, Kano 71,000.

Jar Hula: A kan dubu ɗaya za ka yi mana gori? Ku fara tada masaƙun Kakuri tukuna.

Ɗan Zazzau: Ku kuma masana'antun Sharaɗa da Bompai fa? Ɗan Kwankwasiyya ba zai taɓa yabon Bazazzagi ba.

Jar Hula: Ka janye wannan maganar.

Shugaban zaure: Ya isa haka, 'yan uwa. Abin da na fahimta: kowa ya yarda sai da majalisa albashin ya zama doka, don haka Ɗan Zazzau ne da gaskiya, Kakaki ya yi aikinsa. Zancen fetur ba hurumin majalisa ba ne. Na rufe.

Maman Iman: Shugaba, ni ban yarda ba, kuma ba a amsa min maganar mutum 25 ba.