Muhawara: Shin kai ƙarar ɗan sanda ɓata lokaci ne?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Maganar da na faɗa jiya ina nan a kanta: talaka ya kai ƙarar ɗan sanda a ƙasar nan, wahalar banza ce. Makon jiya aka zo neman ƙanena kan bashin kayan shago da ake bin sa, ba su same shi ba, suka tafi da ɗansa mai shekara 19. Kwana 3 yaron yana tsare. Da na je caji ofis na tarar da takalminsa da bel ɗinsa a kan kanta, uwarsa na zaune a bakin ƙofa, abincin da ta kawo ya huce a kwano. Ga rubutu a bango wai beli kyauta ne, amma sai da muka haɗa naira dubu 40 ya fito. Wa zan kai wa kuka? Ogansu?

Barista: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Amma ban yarda da kai ba. A labarin nan kaɗai an taka doka sau uku kafin ma a zo maganar kuɗin beli. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ko da ɗan cikinsa ne. Ta hana kama mutum kan bashi, wannan maganar kotu ce. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki kuma ya ce a gabatar da wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana 2. Kana da shari'a mai ƙarfi a hannunka.

Baban Khalifa: A takarda ke nan, Barista.

Ɗan Gareji: Ni ina bayan Alhaji. Ku tuna mutum shida na Apo, wata unguwa a Abuja. A watan Yuni 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, maza biyar 'yan kasuwar kayan mota da mace ɗaya, aka ce 'yan fashi ne. Shekara kusan 12 ana jan shari'ar. Sai a Maris 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello ya yanke wa ƙananan 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ya sallami uku, ciki har da babban cikinsu, Danjuma Ibrahim, wanda aka mayar bakin aiki daga baya. DPO na Garki kuwa tserewa ya yi. Wannan fa jini ne, a babban birnin ƙasa, duniya na kallo. Ina ga dubu 40 na Alhaji?

Barista: Na gode da ka kawo Apo, domin hujjata ce. Da 'yan uwansu da 'yan kasuwar Apo sun ce Allah ya isa sun koma gida, da har gobe sunan yaran nan 'yan fashi. Sun ƙi yin shiru, Obasanjo ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, aka tono gawarwakin, aka wanke su, gwamnati ta biya kowane gida naira miliyan 3. Ban ce adalci ya cika ba, wallahi bai cika ba, kuma abin yana ci mini rai har yau. Amma uwar da aka ce ɗanta ɗan fashi ne, sannan hukuma ta fito ta ce ƙarya aka yi masa, kar ka ce mata ba ta samu komai ba.

Maman Sadiq: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu ma da namu laifin. A Oktoba 2020 da matasa suka fito kan zaluncin SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi, mu a nan cewa muka yi rigimar 'yan Kudu ce. Gwamnonin Arewa ta bakin shugaban ƙungiyarsu na lokacin, Simon Lalong, suka ce su SARS tana musu amfani. Alhali 'ya'yanmu ake ratayewa a ɗakin bincike don su amsa laifi. Tun 2017 akwai dokar hana azabtarwa mai ɗaurin har shekara 25. Mu nawa ne a nan muka taɓa jin ta? Da an saki yaro sai mu ce alhamdulillahi, a bar maganar, kar a ja wa gida fitina.

Ɗan Gareji: Hajiya, tsoron nan ba na banza ba ne. Ka kai ƙara yau, gobe su ɗin ne a shingen da za ka wuce da mota.

Baba Mai Ritaya: Ni na sa kakin nan har na ajiye, bari in faɗa muku abin da na gani. Sau da yawa babu mai a mota, babu takardar rubuta bayani, sai mai ƙara ya saya. Daga nan hannu ya saba da karɓa. Ba uzuri nake ba su ba, wanda ya kulle yaro kan bashin ubansa azzalumi ne, kuma ya san abin da ya yi. Amma ihu a bakin kanta ba ya ɗaga wa kowa hankali. Abin da muke tsoro takarda ce. Koke a rubuce zuwa ga Kwamishina, da kwafi ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, mai ɗauke da suna da rana da adadin kuɗi. Na ga wanda ya mayar da kuɗin beli da ƙafarsa har gida saboda irin wannan takarda. Na kuma ga koken da ya kwana a durowa har ƙura ta cinye shi, ba zan ɓoye muku ba.

Baban Khalifa: To ka gani, Baba. Sa'a ce ke nan.

Baba Mai Ritaya: Wanda ya rubuta ne ke da rabon sa'ar, Alhaji. Kuɗin nan, hannu da hannu kuka bayar?

Baban Khalifa: A'a, ta POS ɗin da ke gefen ofishin aka ce mu tura. Rasit ɗin yana aljihun rigata.

Barista: Kar ka bari a wanke rigar nan. Ka ɗauki hotonsa yanzu ka turo mini, yaron kuma ya zauna ya rubuta ranar da aka kama shi da ranar da ya fito tun bai manta ba. Ni zan rubuta koken, ba sai ka biya ni ba.

Baban Khalifa: Ban sauya ra'ayi ba, Barista. Amma zan yi magana da ƙanena bayan la'asar, ɗansa ne. In ya amince zan turo.