Wa tsohuwar Windows ta taɓa jefawa cikin matsala?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar ofishinmu har yau Windows 7 ce a kanta, maigidanmu kuma ya ce tunda tana aiki lafiya lau kada a taɓa ta. Alhali tun 14 ga Janairu 2020 Microsoft ta daina aiko mata da gyaran tsaro. Don Allah wanda abin ya taɓa rutsawa da shi ya ba mu labari, ko na samu abin nuna masa.

Akawu: Wa alaikumus salam. Ni na ɗanɗana kuɗata. Wata safiya na kunna kwamfutar lissafi, sai na tarar duk fayilolin Excel an liƙa musu wata jela a ƙarshen suna, ko ɗaya ba ya buɗuwa. Ga sanarwa a kan allo ana neman kuɗin fansa da Bitcoin. Lissafin shekara uku fa! Allah ya sa na kwafe su a wani faifai wata biyu kafin nan, ragowar da hannu muka sake shigarwa daga rasit, har dare. Laifinmu ne, saƙon sabuntawa ya daɗe yana fitowa, kullum sai mu danna "anjima".

Mai gyara: Allah ya kiyaye gaba, Malam. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, idan aka toshe ɓaraka a sabuwar Windows, masu kutse sukan bi gyaran su gano inda ramin yake, sannan su koma kan tsohuwar, tunda sau da yawa gininsu ɗaya ne, ita kuma ba mai zuwa ya toshe mata. Ku tuna WannaCry, muguwar manhajar nan mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, wadda ta ɓulla 12 ga Mayu 2017. Ta bi ta tsohuwar hanyar raba fayiloli da ake kira SMB, ta shiga ƙasashe sama da 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa ɗage aikin marasa lafiya. Ba sai ka danna komai ba, da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Abin takaicin, gyaran ya fito tun Maris, ba a sa ba. Lamarin ya kai sai da aka fitar wa tsohuwar Windows XP gyaran gaggawa, duk da an sallame ta tun Afrilu 2014.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Mu namu ya bambanta. Injin gwajinmu manhajarsa XP kaɗai ta sani, in ka canza ta injin ya zama kwalliya. Muka cire wayar intanet muka ce shi ke nan. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba: wani abokin aiki ya soka filashinsa don kwasar sakamako, washegari duk jakunkunan ciki sun ɓace, sai gajerun hanyoyi (shortcut) na bogi a madadinsu. Yanzu filashi ɗaya muka ware mata, ba ya shiga wata kwamfutar sai an duba shi.

Ɗalibi: Ni fa shekara huɗu ina kan Windows 7 da antibairos, ban ga komai ba.

Mai gyara: Ƙanena, rashin gani ba shi ne rashin ɓarawo ba. Mai satar kalmar sirri ba ya sallama. Ko Chrome tun farkon 2023 ta tsaya a siga ta 109 a kan Windows 7, wato burauzar da kake shiga banki da ita ma ta tsufa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To in muka koma Windows 10 fa?

Mai gyara: Ita ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoba 2025. Duba ko kwamfutar tana da TPM 2.0, wato wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, don Windows 11 na buƙatarsa. In babu, Linux Mint, wata babbar manhaja da ake sawa a madadin Windows, na tafiya a tsofaffin injuna. Amma kafin komai, yau ɗin nan ka kwafe fayilolinku a faifan waje, ka zare shi ka sa a aljihun tebur.