Tallafi ko bashi? Kwana tara suka rage mini in zaɓa

Mai Gyaran Waya:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa faɗa wa. Wata uku ke nan da aka yi tarzoma a layinmu, aka fasa shaguna, aka cinna wa wasu wuta, har da nawa. Haya nake yi, ginin ba nawa ba ne. Ba ni da inshora, rasiɗaina kuma sun ƙone tare da teburin. Abin da ya fi hana ni barci shi ne wayoyi 23 na mutane da aka kawo gyara, su ma sun tafi.

Yanzu gwamnati ta buɗe asusu mai ƙofa biyu, ɗaya kawai ake bari mutum ya shiga. Ta farko tallafi ne, ba a biya, amma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na asarata ba, kuma sai na sake buɗewa a layin nan na yi shekara biyu ban tashi ba. Ta biyu bashi ne, zai ishe ni in tayar da shago har in sallami masu wayoyi, a fara biya bayan wata shida, in buɗe duk inda na ga dama. Layin har yau rabinsa toka ne. Wanda ya taɓa karɓar ɗaya a ciki, yaya ta kaya?

Akawu:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Ka fara zuwa kamfanin inshorarka, sannan ka tattara duk rasiɗan kayan da ka saya. Ba a kallon fom ɗin da babu rasiɗi.

Uwar Biyu:
Malam Akawu, ai ya ce ba shi da inshora, rasiɗai kuma sun ƙone. Ƙanena, ni ma nawa sun ƙone, amma dilolin da nake sari a wurinsu suna da kwafi, biyu daga cikinsu suka buga mini. Na haɗa da takardar shige da ficen kuɗina ta banki da tsofaffin hotunan shago da ke wayata, aka karɓa. Tallafin na ɗauka. Ƙofar ƙarfe da kantoci kawai ya yi mini, jari sai da na sayar da abin hannuna.

Baƙon Landan:
Ka duba ko akwai hanya ta uku kafin ka sa hannu. A watan Agustan 2011 ina aiki a wani shago lokacin da tarzoma ta tashi a Ingila. A lokacin akwai doka a can tun ta 1886 da ta ɗora wa hukumar 'yan sanda biyan diyyar ɓarnar tarzoma, ko mutum ba shi da inshora. Wa'adin shigar da buƙata kwana 14 ne, aka ƙara shi zuwa 42. Daban da wannan, gwamnati ta ware fam miliyan 20 don farfaɗo da titunan kasuwanci. Maigidana ya samu diyyar kayan da aka kwashe. A 2016 aka yi sabuwar doka, ta ƙayyade fam miliyan ɗaya a kan kowace buƙata, kuma ba ta biyan cinikin da ka rasa lokacin da shago yake rufe. Diyya haƙƙi ce, tallafi kyauta ne, ka tambaya ko karɓar ɗaya yana toshe ɗaya.

Baba Tela:
Ɗana, saurare ni da kyau, don ni bashin na ci. Kekuna shida nake da su da yara huɗu masu ɗinki. Wuta ta cinye komai, har yadudduka na amare uku. Na shiga layi wata huɗu ina kai takarda, yau a ce hoton bai fito ba, gobe a ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Da kuɗin suka fito ban ɓata ko kwabo ba, na sayi kekuna, na yi fenti, na zama mutum na farko da ya buɗe a layin. Har hotona aka zo aka ɗauka.

To wa zai zo? Dama da hagu kango. Fitilun titi ba a gyara ba, motocin haya sun sauya hanya, mace ba za ta ratsa layin da yamma don ta gwada riga ba. Wata shidan da aka ɗaga mini suka ƙare ban yi cinikin da zai biya yaro ɗaya ba. Su kuwa masu bashi ba ruwansu da kango, ranar biya ranar biya ce. Na sallami yaran ɗaya bayan ɗaya, na fara sayar da kekunan da bashin ya saya don in biya bashin. Ƙanina da ya tsaya mini aka koma kansa, shekara biyu ba ya amsa sallamata. Yau keke ɗaya gare ni a ɗaki. Tarzoma ta ci shagona, bashi ya ci zumuncina.

Mai Gyaran Waya:
Allah ya saka maka, Baba. Amma bashin nawa yana ba ni damar in koma wani layi mai jama'a. Tallafin ne zai ɗaure ni a kangon.

Baba Tela:
Bashi bashi ne ko ina ka kai shi. Ban ma gaya maka na mai cike fom ba, kashi goma cikin ɗari ya yanka kafin kuɗin su taɓa hannuna, kuma har kason nasa nake biya da ruwa.

Uwar Biyu:
Kashi goma, Baba? Kashi biyar ake bayarwa, kowa ya sani.

Akawu:
Ba a ba da ko sisi. Fom kyauta ne. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta zaunar da mu mun cike wa mutane ba mu karɓi komai ba.

Baba Tela:
Kai kana bayan tebur, mu muna kan layi. Wanda bai taɓa tsayawa a kan tokar shagonsa ba, ya bar masu abin su yi magana.

Akawu:
Ban yi musu ba, Baba, shagona bai ƙone ba. Amma fom sama da arba'in suka bi ta hannuna, na ga wanda bashi ya tayar, na ga wanda ya durƙusar. Naka labari ɗaya ne, mai ciwo, amma ɗaya ne. Waɗanda na ga sun tsira su ne masu sana'ar hannu da kwastomomi ke bin su da lambar waya duk inda suka koma. Mai gyaran waya yana cikinsu.

Ɗan Auta:
Yaya, kwantar da hankalinka. Ɓarayin nan wayoyi 23 marasa lafiya suka ɗauka, wata ba ta caji, wata gilashi a fashe. Ranar da ka buɗe su ne za su fara kawo maka gyara.

Uwar Biyu:
Auta, Allah ya shirye ka, mutum yana cikin wani hali. Amma ka sa na yi dariya.

Na Daban:
Ni a Afirka ta Kudu abin ya same ni, Yulin 2021, lokacin da aka wawashe shaguna a lardunan KwaZulu-Natal da Gauteng, mutum sama da 300 suka rasu. A can akwai kamfanin inshorar tarzoma na gwamnati, Sasria, tun 1979 aka kafa shi, ana liƙa kariyarsa ne a jikin inshorar da mutum yake da ita. Buƙatu suka yi masa yawa har gwamnati ta zuba masa rand biliyan 22. Ni da na yi rajista na samu, na tashi. Maƙwabtana masu ƙananan shaguna da ba su taɓa shiga inshora ba, wannan kuɗin bai biyo ta kansu ba. Duk wanda ka zaɓa, ka yanki inshora ranar da ka buɗe.

'Yar Miniyafolis:
Ina da kanti kusa da titin Lake a Miniyafolis ta Amurka lokacin da ɗan sanda ya kashe George Floyd a Mayun 2020, tarzoma ta ɓarke. Wurare kusan 1,500 aka lalata a tagwayen biranen Miniyafolis da St. Paul, asara ta kai kusan dala miliyan 500. Gwamnan jihar ya nemi agajin bala'i daga tarayya, aka ƙi a watan Yuli. Gudummawar jama'a ce ta fara iso mana. Sai a 2021 jiha ta ware dala miliyan 80 don titunan kasuwanci, kuma tallafin bai wuce kashi 30 cikin ɗari na kuɗin aiki ba, sauran kai za ka nemo. Wa ke iya nemo kashi 70? Mai gini, mai takardar fili da banki zai karɓa. Ɗan'uwa, kai ɗan haya ne kamar ni. Ka tambayi mai gininka ko shi ma ya cike fom.

Uwar Biyu:
Yauwa, nan kika taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mai gininmu da kuɗin gwamnati ya gyara gininsa, ya sa sababbin gilasai, wata uku bayan nan ya ninka mini haya, wai ginin ya zama sabo. Ni kuwa tallafi ya ɗaure ni, ba halin in tashi, kuma ya san haka.

Baba Tela:
Nawa ma ajiyar da na ba shi tun shigata bai dawo da ita ba, wai ta tafi a gyaran bango. Bangon da ba ni na ƙona ba.

Akawu:
A nan kam ina tare da ku. In za a ba mai gini kuɗin jama'a, kamata ya yi a sa masa sharaɗin kada ya ƙara haya na wasu shekaru, kuma tsohon ɗan haya ne zai fara zaɓar shago. Ban ga wannan sharaɗin a fom ko ɗaya da na riƙe ba.

Mai Gyaran Waya:
Na kira mai ginin yanzu. Ya cike nasa tun makon jiya. Na tambaye shi haya, ya ce sai an gama gyara za mu zauna. Yarjejeniyarmu kuma wata biyar suka rage mata.

'Yar Miniyafolis:
A rubuce take ko da baki kuka yi? Kuma kwafinka yana gida ko yana cikin teburin?