Jama'a ku agaza, me zan kira "protein" in ba na abinci ake nufi ba?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Gobe da azahar zan naɗi shirin lafiya na ranar Alhamis kuma wlh na maƙale. Hira na yi da wata ɗaliba mai bincike kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da turanci ta yi bayani ni ce zan juya. Rabin aikinta a kwamfuta yake, tana shiga database irin su PlasmoDB da UniProt ta ɗauko jerin protein ɗin ƙwayar, ta auna shi da na sauran halittu da wata manhaja BLAST ta ga da wa ya yi kama, daga nan ake hasashen aikin da yake yi. Database na sa "rumbun bayanai", wannan ya zauna. Protein ne ya hana ni barci. Na rubuta "sinadarin gina jiki" na karanta wa surukata, sai ta ce to in ƙwayar maleriya na da abin gina jiki don me take ramar da mutum?

Ɗan Fagge: Furotin kawai Hajiya, ki wuce wurin.

Abu Lab: Gsky tsohuwa ta fi mu gaskiya. Da an ce gina jiki hankalin mai sauraro wake da ƙwai zai tafi. A jikin ƙwaya kuwa furotin ma'aikaci ne, kowanne da sana'arsa. PfCRT misali ƙofa ce a jikin ƴar jakar da ƙwayar ke narka jini a ciki, da ta ɗan sauya sai ta koma fitar da kulorakwin waje, abin da ya kashe maganin kenan har Najeriya ta koma ACT, wato haɗin magani mai atemisinin, a 2005. Tsinken gwajin nan da ake ɗiga wa jini a kemis shi ma furotin yake farauta, HRP2, in ya same shi layi na biyu ya fito. Ina gina jiki a nan?

Malam Tsoho: Assha. Furotin ai turanci ne aka sa wa hula. Shekara ashirin da shida ina koyar da kimiyya a sakandare kuma tun tuni na ƙirƙiro kalmar: GINAU. Daga gina, kamar yadda muka sami mantau daga manta. Ginau ɗaya, ginau da yawa. Ɗalibaina duk sun san ta.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, ginau kamar sunan mai haƙar rijiya 😂

Malam Tsoho: Yaro man kaza. Su turawan daga ina suka samo tasu? Daga Girkanci suka ƙera ta a 1838, ma'anarta abin da ke kan gaba, ba wanda ya yi musu dariya. Mu ne kullum mu raina namu.

Abu Lab: Malam da girmanka, ginau ta sake maido mu kan ginin da muke gudu. Furotin ɗin Kelch13 da aka gano a 2014 cewa sauyinsa na da hannu wajen bijire wa atemisinin a Kambodiya, me yake ginawa? In ma ƙirƙira za a yi ni carbi zan kalla, don furotin ƙwayoyi ne iri 20 aka shirya a zare, sai zaren ya naɗe ya ba da siffa, siffar ce ke yin aikin. Shi ya sa da manhajar AlphaFold ta zuba hasashen siffofin furotin sama da miliyan 200 a intanet a 2022 kowa ya ruɗe, ɗalibi a Zariya da datar ɗari biyar zai juya siffar a allon laftof yana kallon ramin da magani zai iya shiga.

Hadiza Damagaram: Carbi dai a rediyo? Za a kira ku a waya har gari ya waye. Kuma ku ƴan Najeriya kun zauna kuna yanke hukunci kamar ku kaɗai ke da harshen, mu nan da faransanci muka karanta, bakinmu bai saba da furotin ɗinku ba. Ko likita ma ai mu gidan muke nufi, mutumin lokotoro ne.

Ɗan Fagge: To Hausar Kano dai ita ce daidaitacciya, ba ni na ce ba.

Hadiza Damagaram: Daidaitacciya a takarda. Zo kasuwar Dole ka daidaita mu.

Malam Tsoho: Kin ga abin da nake faɗa ƴata. Aro raba mu yake, wannan ya aro na Ingila wancan na Faransa. Ginau kuwa daga Agadas har Kumasi ba mai tambayar asalinta.

Abu Lab: Asibiti da likita da mota duk aro ne Malam, kuma da su ka zo duniya ka tarar. Ɗalibin da ka koya wa ginau ranar da ya buɗe PlasmoDB me zai rubuta a akwatin nema?

Malam Tsoho: Sai ya rubuta turancin, a can. A bakinsa kuma ya faɗi nasa. Raggon ɗalibi ne ba ya iya riƙe biyu.

Maman Ilham: Don Allah a dawo kaina, lokaci na tafiya. Ga jimlar da ta fi ba ni wuya: ta ce da aka kammala karanta kundin halittar ƙwayar maleriya Plasmodium falciparum a 2002 an sami protein wajen 5,300, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari ba su yi kama da komai da aka sani ba, sai aka rubuta musu hypothetical protein. Shi fa?

Ɗan Fagge: Furotin ɗin shaci-faɗi.

Abu Lab: A'a, shaci-faɗi kamar ƙarya ce. Kwamfuta ce ta hango shi a kundin amma ba a tabbatar da aikinsa ba. Ki ce "wanda ba a san aikinsa ba tukuna", dogo ne amma ba ya ɓatar da kowa.

Hadiza Damagaram: Wannan kam na yarda. Furotin ɗin ma ki sa, za mu gane, amma ki fassara shi sau ɗaya a farko.

Maman Ilham: To ga yadda na rubuta: "furotin, wato ƙananan ma'aikatan da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wani ƙofa ne, wani almakashi, wani mayafi." Daga nan furotin zalla har ƙarshe. Baba Malam ka yi haƙuri, zan ambaci ginau in an zo karanta saƙonni.

Malam Tsoho: Ba komai, shirinki ne. Ni dai a ajina ginau ce, kuma ki faɗe ta daidai, kar ki ja wasalin farko.

Maman Ilham: In sha Allah. Saura parasite, na sa "ƙwayar cuta" amma ɗalibar ta ce ya haɗe da bairos da bakteriya.

Malam Tsoho: Kauci. Wanda ke fitowa a kan bishiya yana shan ruwanta.

Ɗan Fagge: Ci-ma-zaune dai.

Maman Ilham: Na bar ƙwayar cuta, furodusa na kira na.