Abin da muka tsinta a hirar ranar suna

Bayan an watse daga sunan, hira ta koma kan yaran da ƙafafunsu ke gwamewa. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu ta ce fata ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, shi kuma yake taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki, don haka a fito tsakar gida da hantsi, ko da tsintar shinkafa ce.

Amma rana kaɗai ba ta isa ba. Ta ce binciken da aka yi a Jos ya nuna yawancin irin waɗannan yara kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci a abinci. Wannan ya tsaya mini a rai, domin maganin yana kusa da mu: nono da kindirmo, riɗi, zogale, miyar kuka, da ƙananan busassun kifi a daka har ƙayarsu a zuba a miya.

Wata dattijuwa ta kawo zancen shanya jariri mai shawara a rana. Nan take aka ce a'a, idan idonsa ya yi ɗorawa, asibiti za a nufa a ranar.