Neman kalma kafin Alhamis: larurar da ke hana bambance ja da kore

Malamin Kimiyya, Ringim: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan yi wa 'yan aji shida bayanin aikin tuƙin jirgin sama, kuma da Hausa za a yi tunda iyaye za su zo. Na tsaya cak a kan abin da Turawa ke kira colour blindness. Ba zan iya tsallake shi ba, domin matuƙin jirgin fasinja sai ya samu takardar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi, kuma ana gwada wannan. A taimaka.

Ɗan Gumel: Makantar launi. Shi ke nan.

Anti Mai Jinya: A'a. Ka ce makanta a gaban iyaye a ƙauye, gobe a ce ɗan wane ya makance. Yaron garau yake gani. Ƙanena ya karanta allon haruffa har layin 6/6, wato na mai lafiyayyen ido, amma da aka buɗe masa littafin Ishihara mai ɗigo-ɗigon nan na gwajin ganin launi, mu muna ganin 74, shi ya dage 21 ce. Jikina ya yi sanyi ranar.

Baba Hedimasta: 'Yata ta yi gaskiya. Ku ce dundumin launi. Mai dundumi yana gani da rana, dare ne ke gagararsa, kowane Bahaushe ya san wannan. Tun ina koyarwa nake faɗar haka.

Ɗan Gumel: Baba, da ka ce dundumi dare za a ji, ba kala ba.

Baba Hedimasta: Kala! Kun ji abin da ke kashe mana harshe. Launi ake cewa, yaro.

Ɗalibar Hausa: Allah ya ƙara girma Baba, ai launi ma daga Larabci muka aro.

Baba Hedimasta: Aron da ya shekara ɗaruruwa a gida ya zama ɗan gida. Kuma tsanwa muka tashi muna ji, ba kore kaɗai ba.

Malamin Kimiyya, Ringim: Don Allah mu dawo. Abin da nake so yara su gane: fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama koriya, da su matuƙi ke sanin inda wani jirgi ya dosa cikin dare. Tabarau kuwa ba ya hana aikin, muddin kowane ido ya kai 6/9 da shi, wato ƙasa kaɗan da 6/6, biyun kuma 6/6, a riƙe na ajiya. Yara da yawa sun cire rai da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya saboda tabarau kawai.

Anti Mai Jinya: To ka ce rashin bambance launi. Ya yi tsawo, amma ba ya tsorata kowa. Ka ƙara da cewa yawanci gado ne ta wajen uwa, kuma ya fi kama maza.

Baba Hedimasta: Wannan bayani ne, ba suna ba.

Malamin Kimiyya, Ringim: Zan rubuta na Anti a allo. Baba, zan ambaci naka sau ɗaya in ga yadda iyaye za su karɓa.

Baba Hedimasta: Sau ɗaya ya yi kaɗan, amma to. Ka dawo mana da labari ranar Juma'a.