Ina koya wa samari aikin sola kyauta, amma sun fara watsewa

Mai Sola, Gadarif:
Assalamu alaikum. Haɗa wutar sola ce sana'ata a Wad Madani ta ƙasar Sudan, har garin ya faɗi a yaƙi a Disambar 2023 muka gudo Gadarif, daga ni sai iyali sai jakar kayan aiki. Inda muka sauka, samari na wuni a gindin dalbejiya, don makarantarsu 'yan gudun hijira ne cike a ciki. Abin ya tsaya mini a rai, na ce duk Juma'a bayan la'asar mai so ya zo in koya masa, ko sisi ba zan karɓa ba. Mun fara su 14. Da yankan riɗi ya kama sai suka bi gonaki, biyar suka dawo. Ɗaya ya juya wayar batir, ja a gurbin baƙi, kwantirolata, na'urar daidaita cajin batir, ta yi hayaƙi a gabana. Filaya biyu kuma sun yi ƙafa. In sa musu kuɗi ne, ko in haƙura?

Dattijo, garin Mai Wurno:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka. Wanda ya tafi yankan riɗi ba gudunka ya yi ba, cikin gidansu ya bi. Kada ka sa kuɗi. Tsayar da karatun in kaka ta zo. Sannan ka je wurin liman da dattawan unguwa, kowane yaro ubansa ko kawunsa ya kawo shi da hannunsa, ka ga ko filaya za ta sake tafiya.

Makaniki, Kassala:
Yaya, ni dai maganar Baba ban yarda da ita duka ba. Yaro ba ya zama don bayani, aiki yake so ya gani. Nemi famfon masallaci ko fitilar takiyya inda ake dafa wa jama'a, ku yi nafir, gayya dai irin tamu, su haɗa da hannunsu kana tsaye. In aikin kuɗi ya faɗo, tafi da biyu ka ba su na shayi. Batun kwantirola kuwa, laifinka ne, fis mai katse wuta in an yi kuskure ake fara sa wa ɗan koyo.

Malama, Gadarif:
To Malam, 'yan matan fa? Ƙanwata ke cajin wayoyin layinmu da farantin sola ɗaya, in ya lalace sai ta jira namiji kwana uku. In za ka ware musu safiyar Asabar, tsakar gidanmu na nan, ni zan zauna da su.

Mai Sola:
Na karɓi laifin fis. Malama, su nawa ne?